Kunta Kinte Ɗaya Ne Cikin 64: Sharhi a Kan Littafin Roots da Lissafin Kakanni

Idan ka taɓa kallon fim ɗin Roots, na san akwai wurin da ya zauna maka a rai. An ɗaure saurayi ana zuba masa bulala, ana so ya karɓi sunan da ubangidansa ya raɗa masa, wato Toby, shi kuma ya kafe a kan sunan da iyayensa suka ba shi, Kunta Kinte. Ni a wayar wani abokina na fara kallonsa, a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma ranar ban iya cin abincin dare ba. Littafin kuwa sai daga baya na karanta shi, bayan na shiga bincike a fannin ƙwayoyin halittar gado. A karatun ne na riƙa tsayawa ina lissafi a gefen shafi, kuma abin da lissafin ya ba ni shi ne nake so mu tattauna yau.

Bari in faɗa maka matsayata tun da wuri. Roots littafi ne mai girma, kuma ya cancanci ka karanta shi. Amma a matsayin misalin yadda ake bin salsala, ya koya wa miliyoyin mutane kurakurai biyu. Na farko ya shafi yadda ake tabbatar da hujja. Na biyu ya fi zurfi, ya shafi abin da muke nufi idan muka ce "asalina". Wannan na biyun mu ma muna yin sa a gida, har yakan raba aure.

Abin da Haley ya ce ya gano

An haifi Alex Haley a 1921, ya yi ƙuruciyarsa a garin Henning na jihar Tennessee a Amurka. Shi ne ya rubuta tarihin rayuwar Malcolm X wanda ya fito a 1965. Ya ce tun yana yaro yake jin kakarsa Cynthia da 'yan'uwanta suna hirar wani kakansu da suke kira "mutumin Afirka". Sun riƙe sunansa, da 'yan kalmomi kaɗan na harshensa, ciki har da sunan da yake kiran kogi. Haley ya kai waɗannan kalmomi wurin Jan Vansina, masanin tarihin baka na Afirka a Jami'ar Wisconsin, aka nuna masa sun yi kama da harshen Mandinka, kogin kuma mai yiwuwa Kogin Gambiya ne.

A 1967 ya tafi Gambiya. A ƙauyen Juffure aka haɗa shi da wani dattijo, Kebba Kanji Fofana, aka gabatar masa da shi a matsayin jali, wato mai riƙe da tarihin gidaje a ka, kusan irin aikin da maroƙan fada suke yi a wurinmu. Dattijon ya yi ta jero tarihin gidan Kinte har ya iso kan wani Kunta, ɗan Omoro, wanda ya fita saran itace a zamanin da sojojin sarkin Turawa suka zo, ba a sake ganinsa ba. Wannan ya yi daidai da abin da Haley ya ji a bakin kakarsa. Daga nan ya shiga ɗakunan ajiye takardu, ya samo wani jirgin ruwa mai suna Lord Ligonier da ya taso daga Gambiya ya isa Annapolis ranar 29 ga Satumba, 1767, ɗauke da bayi 98 da suka rayu cikin 140. Ya kuma samo takardun iyalan Waller na Virginia da ke ambaton wani bawa Toby. Sai ya ɗinke su wuri ɗaya: Kunta na Juffure shi ne wanda ya hau jirgin, shi ne kuma Toby.

Littafin ya fito a 1976. A watan Janairun 1977 aka nuna fim ɗinsa a talabijin dare 8 a jere, kuma an ƙiyasta kusan mutum miliyan 100 ne suka kalli kashin ƙarshe. A shekarar aka ba shi lambar yabo ta musamman ta Pulitzer.

Dalilin da ya sa abin ya girgiza mutane

Kafin ka yi wa Haley hukunci, ka san katangar da ya yi ƙoƙarin tsallakewa. Cikin mutum kusan miliyan 12.5 da aka loda a jiragen bayi daga Afirka, wajen miliyan 10.7 ne suka isa da rai, kuma kimanin 388,000 ne aka kai kai tsaye Amurka ta Arewa. A takardun jiragen, adadi ake rubutawa, ba suna ba. A ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860, bayi suna ƙarƙashin sunan mai su ne: shekaru, jinsi, launin fata, shi ke nan. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta, aka fara rubuta mafi yawansu da sunayensu. Don haka Baƙar fatar Amurka da ke bin salsalarsa yakan yi tafiya lafiya lau har ya iso 1870, sai ya ci karo da bango.

Ka ga ke nan, mutumin da ya fito ya ce ya haura wannan bango, ya isa ƙauye, ya samo suna, ya zo da babban abu. Roots ya nuna wa Amurkawa cewa wanda aka sayar a kasuwa yana da uwa da uba, yana da addini, yana da ilimi da tarbiyya kafin a kama shi. Kunta na littafin Musulmi ne mai karatun allo. Bayan fitowarsa, mutane suka yi ta tururuwa zuwa ɗakunan ajiye tarihi suna neman kakanninsu. Wannan alheri ne da babu mai ƙwace masa.

Inda zaren ya tsinke

Matsalar ta fara fitowa tun a 1977, lokacin da wani ɗan jaridar Ingila, Mark Ottaway na jaridar Sunday Times, ya bi sawun Haley zuwa Gambiya. Ya ruwaito cewa Fofana ba jali ba ne na gado, kuma da alama ya riga ya san abin da baƙon yake nema kafin su haɗu. A 1981 masanin tarihi Donald Wright ya duba lamarin, shi ma ya nuna cewa dogaro da irin wannan mai ba da labari yana da haɗari. Haley ya riga ya ba da labarin kakarsa ga mutanen da suke taimaka masa a Gambiya, su kuma suka je suka nemo masa wanda zai faɗa masa shi.

Tsaya ka duba wannan da kyau, domin nan ne darasin kimiyyar yake. Ƙarfin hujjar Haley gaba ɗaya ya dogara ne a kan cewa majiyoyi biyu da ba su san juna ba, ɗaya a Tennessee ɗaya a Juffure, sun faɗi abu ɗaya. Idan kuwa labarin ya bi ta bakin Haley ya isa kunnen dattijon, to majiya ɗaya ce ta zagayo ta dawo masa. Kamar ka aika yaro da saƙo ne, ya dawo ya maimaita maka, ka ce ka samu shaida na biyu. A ɗakin gwaji, wannan ne dalilin da ya sa ake ɓoye wa mai duba samfur ko wanne ne ake sa ran zai nuna cuta. Ba don ana zargin mutum da ƙarya ba ne. Ɗan Adam ne, idan ya san amsar da ake so, idonsa yakan kai shi can.

A ɓangaren Amurka ma takardun ba su tsaya masa ba. A 1981, masana salsala Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka bi takardun Virginia ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar da Toby ɗin da Haley ya nuna yana cikin takardun gidan Waller tun 1762, wato shekara 5 kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso. Mutum ba ya riga jirginsa sauka. Akwai kuma yadda littafin ya zana Juffure a matsayin ƙauyen da da ƙyar aka taɓa ganin Bature, alhali yana daf da Albreda, tashar cinikin Faransawa, da kuma sansanin Ingila da ke tsibirin James a tsakiyar kogin. Tsibirin ne aka sauya wa suna zuwa Kunta Kinteh a 2011. Sannan ga ƙarar da marubuci Harold Courlander ya shigar, cewa an kwashi wasu sassa daga littafinsa The African. An sasanta a 1978, Haley ya amince cewa wasu abubuwa daga can sun shiga nasa.

Haley kansa ya ce littafinsa gaurayen gaskiya ne da ƙirƙira, kuma babu mai ganin laifinsa don ya ƙirƙiri hirarraki da tunanin mutanen da suka mutu shekara 200 da suka wuce. Inda nake da ja shi ne babin ƙarshe, inda ya fito da muryarsa ya gabatar da ƙashin bayan labarin a matsayin abin da bincike ya tabbatar.

Kwatanta da yadda aka yi da Sarki Richard III na Ingila, wanda aka kashe a yaƙi a 1485, aka tono ƙasusuwan da ake zaton nasa ne a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Leicester a 2012. Masu binciken sun gwada DNA ɗin da ake gada ta uwa, ya dace da na mutum 2 da suka fito daga tsatson 'yar'uwarsa ta layin mata. Suka gwada na layin maza, bai dace ba. Ba su ɓoye ba, suka wallafa duka biyun a 2014, suka ce a wani wuri cikin layin mazan akwai wanda ba mahaifin da takarda ta ce ba ne ya haife shi. Bambancin ke nan: sun shirya gwajin da zai iya ƙaryata su.

Salsalar baka tana da aikinta

Kada ka ɗauka ina cewa tarihin baka shirme ne. Yana riƙe abubuwa da yawa da takarda ba ta riƙe ba. Amma ka san aikin da yake yi. Masanin al'umma Jack Goody ya kawo misali daga Gonja, a arewacin Ghana, ƙasar da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa sayen goro. Wajen farkon ƙarni na 20, da Turawa suka rubuta tarihin masarautar, an ce wanda ya kafa ta, Ndewura Jakpa, yana da 'ya'ya 7, daidai da yankunan sarauta 7 na lokacin. Bayan kusan shekara 60, yankuna 2 sun shuɗe. Da aka sake ɗaukar tarihin, 'ya'yan Jakpa sun koma 5. A ƙasar Tibi ma an ga makamancin haka: Turawan mulki sun rubuta salsalar gidaje, da aka dawo bayan shekaru, mutanen suka ce rubutun ne ya yi kuskure.

Babu wanda ya zauna ya shirya ƙarya a nan. Salsalar baka tana bayanin yadda mutanen yau suke da alaƙa da juna: wa ke da gona, wa ke da sarauta, wa zai gaji wa. Idan yau ta sauya, jiya takan bi ta. Sunayen da ke tsakiya sukan zube, a haɗa kakan kaka kai tsaye da wani babban mutum na can farko. Shi ya sa za ka ga mutum ya san hawa 4 ko 5 na kusa da shi sosai, ya san wanda aka ce shi ne tushen gidan, amma tsakaninsu hazo ne.

To, mu ɗauka duk gaskiya ne

Yanzu ga kuskure na biyu. Mu ajiye duk waɗancan sukar, mu yarda cewa Kunta Kinte kakan Haley ne kamar yadda littafin ya ce. Ga layin: Kunta ya haifi Kizzy, Kizzy ta haifi George, George ya haifi Tom, Tom ya haifi Cynthia, Cynthia ta haifi Bertha, Bertha ta haifi Alex. Idan iyaye su ne hawa na 1, kakanni hawa na 2, to Kunta yana hawa na 6.

Kana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, sai 16, sai 32, sai 64. A hawan da Kunta yake, Haley yana da gurbin kakanni 64. Littafi mai shafi ɗaruruwa ya ɗauki mutum 1, ya kira shi tushe. Sauran 63 fa? Su ma kowannensu ya ba da gudummawa daidai da ta Kunta, wato kusan kashi 1.6 cikin 100 idan aka yi matsakaici. Wasu an kamo su daga wasu gaɓoɓin Afirka, wataƙila daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Gambiya ba. Wasu kuma Turawa ne.

Wannan na ƙarshen littafin bai ɓoye shi ba. Bisa labarinsa, mahaifin George shi ne Tom Lea, Baturen da ya sayi Kizzy ya yi mata fyaɗe. Tom Lea yana hawa na 5, ɗaya cikin 32. A lissafin gado ke nan, abin da ake sa ran Haley ya ɗauko daga azzalumin ya ninka abin da ya ɗauko daga Kunta. Magana ce mai ɗaci, amma haka take. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan DNA ɗin dubban Baƙaƙen fatar Amurka ya samu matsakaicin kashi 73 daga Afirka, kashi 24 daga Turai, kuma mafi yawan na Turan ta ɓangaren maza ya shigo.

Ba na cewa ya kamata Haley ya yi alfahari da Tom Lea. Yana da cikakken haƙƙin ya zaɓi wanda zai kira kakansa. Abin da nake so ka gani shi ne zaɓi ne ya yi. Zuciya ce ta nuna masa Kunta, jini bai fifita kowa cikin 64 ɗin ba.

Da gwajin DNA zai raba gardamar?

Tambayar da aka fi yi mini ke nan. Amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana da daɗin sani.

Akwai sassa biyu na DNA da suke bin layi ɗaya tak. Kuromosom ɗin Y yana tafiya daga uba zuwa ɗa namiji. DNA ɗin maitokondiriya kuma daga uwa ake gadonsa, namiji yana da shi amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa. Koma ka dubi layin Haley: namiji, mace, namiji, namiji, mace, mace, namiji. Y ɗin Kunta ya tsaya a kan Kizzy, domin mace ce. Maitokondiriyarsa kuwa ta tsaya a kansa. Duka hanyoyin biyu a toshe suke. Hasali ma, shekaru bayan rasuwar Haley a 1992, wani ɗan ɗan'uwansa ya yi gwajin Y, layin ubanninsu ya nuna Scotland.

Saura DNA ɗin da ake gada daga ɓangarori biyu. Kana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kafin kowannensu ya miƙo maka nasa, sai an yanyanka na iyayensa an gauraya, kamar yadda ake casa kati. A kowane hawa ana ƙara yanka kusan 70. To ka ga, yawan kakanni yana ninkawa ne, yawan guntayen DNA kuwa ƙaruwa kawai yake yi kaɗan-kaɗan. A hawa na 10 kana da gurbin kakanni 1,024, amma guntayen da suka haɗu suka zama kai ba su kai 800 ba, kuma wasu kakannin sun ba da fiye da ɗaya. Ma'ana, kusan rabin mutanen wannan hawa ba ka ɗauke da ko ƙwayar DNA ɗinsu. A hawa na 20, gurabe sun haura miliyan 1, guntaye ba su kai 1,500 ba. Kakanninka ne na haƙiƙa, da babu su da babu kai, amma jikinka bai riƙe komai nasu ba.

Kamfanonin da suke sayar da gwajin asali su ne magadan Roots na wannan zamani. Suna ba mutum takarda mai ɗauke da sunan ƙabila, wani a ce masa Bayarabe ne, wani Bafulatani, wani Bahaushe. Abin da gwajin yake yi shi ne kwatanta ka da mutanen da suke raye yau waɗanda samfurinsu ke cikin rumbun kamfanin. A 2006, Bert Ely da abokan aikinsa a Jami'ar South Carolina suka gwada wannan da DNA ɗin layin uwa. Ƙasa da kashi 10 cikin 100 na Baƙaƙen fatar Amurka da suka duba ne suka dace da ƙabila ɗaya tak. Fiye da rabi sun dace da ƙabilu da dama a yankuna daban-daban, kusan kashi 40 kuma ba su dace da kowa a rumbun ba. Ko an dace ɗin ma, layi 1 ne cikin 64, ko cikin 1,024. Balle mu da muka san cewa zama Bahaushe harshe ne da al'ada da zama wuri ɗaya. Mutum nawa ka sani da kakansu Babarbare ne ko Buzu ko Banufe, yau kuma ba su jin komai sai Hausa?

Idan ka ci gaba da hawa

Ci gaba da ninkawa. A hawa na 30, wato shekara 750 zuwa 900 da suka wuce, kana da gurbin kakanni sama da biliyan 1. Mutanen duniya duka a lokacin ba su kai miliyan 500 ba. Ta yaya kakanninka za su fi mutanen duniya yawa? Amsar ita ce mutum ɗaya yana cike gurabe da yawa. Mu da muke auren zumunci mun fi kowa saurin gane wannan. Idan ɗan wa ya auri 'yar ƙani, ɗansu yana da iyayen kakanni 6 ne maimakon 8, domin mutum 2 sun fito sau biyu. Ka ninka wannan a ɗaruruwan shekaru. Reshen da kake gani yana buɗewa, can sama komawa yake yi yana haɗewa da na maƙwabcinka.

A 1999, Joseph Chang, masanin lissafi a Jami'ar Yale, ya fitar da ƙa'idar wannan. A al'ummar mutum miliyan 1 da ke auratayya ba tare da shinge ba, hawa kusan 20 kawai za ka koma ka tarar da mutumin da kowa da kowa ya fito daga tsatsonsa. Idan ka kai hawa kusan 35, sai ka iso wani matsayi mai ban mamaki: duk wanda ke raye a lokacin, ko dai kakan kowa ne a yau, ko kuma zuriyarsa ta ƙare ƙurmus. Kusan kashi 80 cikin 100 suna rukunin farko. Gaskiya ne mutane ba sa aure haka kara zube, akwai nisa, akwai addini, akwai ƙabila. Amma shinge ba sai ya rushe ba, ɓaraka kaɗan ta isa. A 2013, Peter Ralph da Graham Coop suka duba DNA ɗin Turawa sama da 2,000, suka ga cewa ko mutanen da ke ƙarshen nahiyar biyu suna da kakanni na tarayya cikin shekara 1,000 da suka wuce.

Afirka ta Yamma kuwa ba ta taɓa zama a kulle ba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Wangarawa mutanen Mande ne, dangin harshen Mandinka. Sun zauna, sun yi aure, sun hayayyafa. Shekara sama da 600 ke nan, fiye da hawa 20. Idan kai Bakano ne, akwai kyakkyawan zato cewa kai da mutanen Juffure kun haɗa kakanni. Haley ya sha wahala yana neman ƙauye ɗaya, alhali lissafi ya ba shi yanki guda.

Abin da ya shafe mu a gida

Na ce maka wannan kuskure yakan raba aure. Ka san yadda ake yi. An kawo maganar yaro, ana son sa, sai a tura bincike, a dawo a ce "ba shi da asali", ko a yi ƙasa da murya a ce kakansa bawa ne, ko gidansu mahauta ne, ko maƙera. A ɗaya gefen kuma ga mai takarda a naɗe cikin leda, da sunaye a jere har zuwa wani sarki ko wani babban malami.

Ban raina takardar ba, gidanmu ma akwai irinta. Amma layi ɗaya ce, ta uba zuwa uba, kuma babu sunan mace ko ɗaya a tamu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a Daular Sakkwato, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Sananne ne cewa sarakuna da dama 'ya'yan ƙwarƙwarori ne. Ka ɗauki gurabenka 64, ko 128, ka faɗa mini da wace hujja za ka rantse babu bawa a ciki. Wanda ake ƙi saboda kakansa bawa ne, shi ma da wace hujja za a ce babu sarki ko malami a nasa? An ɗauki mutum 1 an ɗora wa wannan a matsayin kambu, an ɗauki mutum 1 an rataya wa wancan a matsayin tabo. Lissafi ɗaya ne, kuma duka biyun an zubar da 63.

Idan binciken aure ake so na gaskiya wanda ya shafi jini, ga gwajin sikila nan. Wannan kam yana faɗa maka abin da zai iya samun 'ya'yanka.

Hukuncina

Ka karanta Roots. Ka karanta shi a matsayin ƙagaggen labari da aka gina a kan ciwo na gaskiya, domin an kama dubban samari irin Kunta a bakin Kogin Gambiya, an sauya musu suna, ko da wannan Kunta ɗin ba shi ne kakan Haley ba. Henry Louis Gates, abokin Haley kuma babban masani a Harvard, shi ma daga baya ya ce da wuya a ce Haley ya gano ainihin ƙauyen kakanninsa, kuma ya ɗauki littafin a matsayin aikin hikimar marubuci. Babin ƙarshe ne kawai za ka karanta da fensir a hannu.

In kuma littafin ya sa maka sha'awar bin taka salsalar, madalla. Fara da tsofaffin da suke raye, yau ba gobe ba, ka ɗauki muryarsu a waya. Ka tambaye su ɗaya-ɗaya, kuma kada ka faɗa wa na biyu abin da na farko ya ce, balle ka faɗa masa abin da kake fatan ji. Ka rubuta wa ya faɗa, yaushe, kuma shi a wurin wa ya ji. Ka raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji a baki. Inda zaren ya ƙare, ka rubuta cewa nan ya ƙare, kada ka ɗaura shi a jikin wani babban suna don kawai ya yi kyau.

Sannan ka nemi sunayen matan. Gwada yanzu: iyayen kakanninka 8 ne, 4 mata. Nawa ka sani da suna? Ni da na gwada, 3 na iya kawowa cikin 8 ɗin, kuma duk maza ne. Hutun da ya wuce na je na zauna da kakata, na samo 2 daga cikin matan, da garuruwan da aka auro su. Ɗaya daga cikin garuruwan ban taɓa jin an ambace shi a gidanmu ba.